Manniru da Kafiretar Gwaggo

Manniru ya rasu ranar Asabar da hantsi a gidansa na Kurudu, bayan jinyar kwana tara. Tun daga ranar mutane ke zuwa yi mini ta'aziyya kamar ciki ɗaya muka fito, ni kuwa ban hana su ba, don shekara talatin da biyar muka yi tare. Yawancin waɗanda suka san shi a Apo sun san shi ne da furfura, yana zaune a kan benci, butar ruwan zafi da kofin gilashi a gefensa. Ba su san yadda aka yi butar ta zo wurin ba. A gabana aka yi, kuma ba na so labarin ya bi ni kabari.

Sunana Yamusa, direba ne ni, mutumin Zariya. A shekarar 1989 ma'aikatarmu ta turo 'yan safiyo daga Legas su riga kowa zuwa Abuja, su auna filaye kafin gwamnati ta taso gaba ɗaya. Ni aka ba tuƙin motarsu, wata tsohuwar jif koriya mai jan ƙafa huɗu. Gwaggo muke ce mata, saboda sai an lallashe ta da safe kafin ta tashi. Amma in ta tashi, babu tudu ko taɓon da ya isa ya tsayar da ita.

Ita ta haɗa ni da Manniru. Satinmu na biyu ta fara tari, aka kwatanta mini wata rumfa a gindin ɗorawa, a bakin hanyar da ta nufi Apo. Lokacin ba a tara makanikai wuri guda ba, kowa inda ya sami inuwa nan yake kafa rumfarsa. Ban gama tsayawa ba wani siririn mutum ya ɗago daga tsugunne ya ce, "Kashe ta, direba. Jet ɗin silo ya toshe, kuma fulogi ɗaya ba ya ba da wuta."

Na ce, "Ko bonet ba ka buɗe ba fa."

Ya ce, "Ai ta gaya mini tun daga kwana. Wannan harshen naka, Bazazzage ne kai ko? Shi ya sa. Ku ko jaki aka ba ku sai kun sa shi tari."

Na ce, "Bakano ke nan. Gyara mu gani, baki ba ya tayar da mota."

Ya gyara. Abin da ya faɗa shi muka tarar, ba ragi ba ƙari. Daga ranar na zama bawansa, ya zama bawana, ya danganta da wanda ya riga buɗe baki.

Ɗan Rano ne. A Kano ya koyi aiki, ya biyo manyan motocin gini ya zo Abuja tun tana daji. Yana da mata ɗaya, Talatu, da 'yarsu Umma, suna haya a ɗaki guda a ƙauyen Garki. Kafireta kawai ya sa gaba, wato wannan ma'ajin da ke gauraya fetur da iska kafin su shiga inji. In zai buɗe ta sai ya shimfiɗa farin faranti, ya jera kowane ɗan ƙarfe bi da bi kamar mai shirya kayan lefe. Jet kuwa, ɗan ramin nan da fetur ke bi, bai taɓa zura masa waya ba, hurawa yake da baki, yana cewa waya tana faɗaɗa ramin, motar ta koma shan mai kamar raƙumi. Sai dai babban jarinsa kunne ne. Mai Kunne ma ake ce masa. Yakan sa sukundireba a kan ɗan sukurun silo, mai daidaita bugun inji in mota tana tsaye, ya karkata kai, ya lumshe ido, yana juyawa kaɗan-kaɗan har injin ya kwantar da murya. Abu ɗaya ne ya hana shi jin daɗin Abuja, wai babu gurasar kirki.

Da daminar 1991 zazzaɓi mai zafi ya kwantar da shi sati biyu. Ya tashi a rame, ya koma rumfa, muka gode wa Allah. Amma na lura ya rage tsokana, kuma in kana magana bakinka yake kallo, ba idonka ba. Wata rana na zo ta bayansa da Gwaggo na danna oda don in tsorata shi. Mai shayin da ke gefe ya zabura har ya ɓarar da madara. Manniru bai ko waiwayo ba.

Bayan la'asar ya ja ni gefe ya gaya mini. Kunnen hagu ya mutu. Na dama kuwa ƙugi yake kamar an rufe ƙudan zuma a ciki, sai an matso an ɗaga murya yake tsintar magana. Ya je asibiti, sun ce ya yi haƙuri.

Abu ba ya ɓuya a bakin hanya. Ya daidaita silon wata mota, mai ita ya dawo washegari yana faɗa, ta mutu masa sau huɗu a hanya. Mutane suka fara wucewa rumfar maƙwabcinsa Lukmanu. Lukmanu ba mugu ba ne, hannunsa ma yana da kyau, har yakan turo wa Manniru aiki da gangan. Manniru ne ya daina karɓa. Ya koma wanke ƙarafa a kalanzir da ɗaure noti, faranti kuma ya kife shi a ƙasan akwati.

A watan Oktoba Gwaggo ta rikice. Baƙin hayaƙi take fitarwa, ga warin fetur har cikin mota, in na ɗaga ƙafa daga totur sai ta mutu. Tankin da ke kai mu kwana uku ya koma ƙarewa a wuni guda. Na kai wa Manniru, ya ce, "Kai ta wajen Lukmanu." Sau uku Lukmanu yana buɗe kafiretar. Ya wanke ta, ya canza allurar da ke tsayar da mai, ya sa sababbin fulogai. Ko gezau.

Shugabanmu Oga Leonard ne, mutumin kirki amma mai gaggawa, kuma ana ta matsa masa daga sama, don saura wata biyu gwamnati ta taso. Hausar tasa a bakin titi ya koya. Ya ce mini, "Yamusa, wannan mota ya gaji. Zan rubuta a kawo sabon kafireta daga Legas, sati uku. Kafin nan kowa ya taka da ƙafa."

Ran Laraba na biya gidan Manniru in gaishe su. Shi ba ya nan. Na tarar an ɗaure tukwane da igiya, an naɗe katifa. Talatu tana zaune a kan tabarma, Umma tana barci a cinyarta.

Na ce, "Lafiya, Talatu? Mai gidan ya tashe ku ne?"

Ta ce, "Baban Umma ne ya tashe mu, Malam Yamusa. Jibi Juma'a akwai motar shanu da za ta koma Kano ba kaya daga Dei-Dei, ya yi wa direban magana. Wai Rano za mu koma, ya zauna a rumfar yayansa yana awon hatsi. Ya ce kada in gaya maka sai mun yi nisa."

"Ke me kika ce?"

"Me zan ce? Duk inda ya sa ƙafa nan zan sa. Amma mutumin nan in aka raba shi da ƙarafan nan, gangar jikinsa kawai zan kai Rano."

Duk hanyar gida ina ganin manyan motoci suna shigowa da teburori da akwatunan fayil. Duniya duka tana kwararowa Abuja, abokina kuma yana ɗaure tukwane zai fita.

Ran Alhamis da safe na lallaɓa Gwaggo tana hayaƙi har bakin rumfarsa. Na toshe masa ƙofa da ita, na zare makulli na jefa masa a aljihu. Na tsaya a gabansa yadda zai ga bakina, na ɗaga murya.

"Ga ta nan. In za ka Rano gobe, ka tafi da ita."

Ya gane Talatu ta yi magana. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yamusa, ba na ji. Kada ka kunyata ni a gaban mutane."

Na ce, "Na san ba ka ji. Hannun naka ma ya kurumce ne?"

Ban taɓa ganin ya kalle ni irin kallon nan ba. Na zaci zai mare ni. Can ya ce, "To. Zan buɗe ta don ka gani da idonka. In ta gagare ni, gobe kai za ka ɗora mana kaya a mota, kuma ba ka ƙara cewa uffan."

Na ce na yarda. 

Ya ciro farantin ya goge shi da gefen riga. Ya kwance kafiretar ya fara jera kayan cikinta. Lukmanu ya bar aikinsa ya zo ya tsuguna, mai shayi ma ya matso da wasu direbobi biyu. Lukmanu yana nuna masa da yatsa abin da ya canza da abin da ya wanke, Manniru yana gyaɗa kai.

A cikin kafireta akwai wani ɗan abu na tagulla, kamar ƙaramin gwangwani rufaffe, da iska kawai a cikinsa. Fulot ake ce masa. Aikinsa ya yi iyo a kan fetur, in man ya kai yadda ake so sai ya taso ya rufe ƙofa. In ya huje, mai ya shiga cikinsa, sai ya nutse, ƙofa ta zauna a buɗe, inji ya yi ta shan mai har ya shaƙe. Duk bakaniken da na sani a lokacin hanya ɗaya yake gwada shi: ya kai shi kunne ya girgiza. In ya ji motsin mai a ciki, ya huje. In shiru, lafiya lau.

Lukmanu ya ɗauki fulot ɗin ya girgiza a kunnensa, ya ce, "Shiru kake ji. Sau uku ina gwada shi." Ya miƙa wa Manniru.

Sabo ba ya shawara da mutum. Manniru ya karɓa ya kai kunnensa ya girgiza, kafin ya tuna. Hannunsa ya tsaya a sama. Kowa ya kawar da kai, mai shayi ya koma yana goge teburin da ba shi da datti. Ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, don ni na jawo masa.

Ya sauke hannun a hankali. Amma bai ajiye fulot ɗin a faranti ba. Ya bar shi a tafin hannunsa yana ɗagawa yana saukewa, kamar mai tayin tumatir. Sai ya sa ɗaya hannun cikin akwatinsa ya lalubo wani tsohon fulot irinsa, ya riƙe ɗaya a dama ɗaya a hagu. Ya daɗe a haka.

Sai ya ce, "Bazazzage, karɓo mini ruwan zafi a kofin gilashi. Ruwa zalla na ce, ba shayi ba. Kuma kada ka kurɓa a hanya."

Rabon da ya kira ni Bazazzage tun kafin zazzaɓin. Da gudu na je.

Ya saki tsohon fulot ɗin a cikin kofin, ya tsaya a sama yana iyo. Ya cire shi ya saki na Gwaggo. Sai ya yi ƙasa. Muka haɗa kai a kan kofin muna kallo. Ba a jima ba wasu 'yan kumfa ƙanana suka fara fitowa daga gefen da aka liƙe shi, a jere kamar zare, ga warin fetur yana tashi daga ruwan.

Manniru ya ce, "Ga ramin nan, ko allura ba za ta shiga ba. Ya sha mai ne har ya cika maƙil. Gora in ta cika, Lukmanu, ko ka kwana kana girgiza ta ba za ta yi maka magana ba."

Lukmanu ya dafe kai da hannu biyu yana dariya. "Sau uku! Wallahi sau uku ina sauraren abin nan yana yi mini ƙarya! Wa ya koya maka wannan?"

Sai da na maimaita masa tambayar a kunne. Ya nuna mai facin taya da ke tsallaken hanya ya ce, "Wancan. Kullum ina zaune ba aikin yi ina kallonsa yana tsoma tiyub a ruwa. Shi kuma fetur ba ya jure zafi, dole ya nemi hanyar fita."

Sau huɗu ana sauya ruwan zafi kafin kumfar ta ɗauke. Ya shanya fulot ɗin a rana a kan bonet har muka yi azahar, don kada ya kai masa wuta da sauran mai a ciki. Sannan ya ɗiga masa dalma kamar ƙwayar gero, ya ce in ta yi yawa nauyi za ta ƙara masa. Ya sake tsoma shi. Ya yi iyo, ba kumfa ko ɗaya. Ya mayar da komai ya ɗaure, ya ce in tayar.

Bugu ɗaya ta tashi. Hayaƙin ya yi ta raguwa har ya washe. Direbobin nan suka fara tafi, amma ni na san ba a gama ba. Lukmanu ya jujjuya sukurun silo sau da yawa a baya, injin yana ta rawa yana haki, dole a daidaita shi. Wannan kuwa aikin kunne ne, kuma shi ne ya kayar da Manniru tun farko.

Ya sa sukundireba a kan sukurun. Ya karkata kai kamar da, sai ya miƙar da shi. Lukmanu ya taɓa kafaɗarsa ya nuna kunnensa, wato shi zai saurara masa. Manniru ya girgiza kai. Ya ce, "In yau ka ara mini, gobe fa?"

Ya tsaya yana kallon injin yana ta kaɗawa. Ni na manta na ajiye kofin gilashin a kan mudgad, da sauran ruwa a ciki, ruwan yana ta tsalle yana fantsalowa. Na miƙa hannu zan ɗauke kada ya faɗi, sai ya buge mini hannu. Ya matsar da kofin inda zai gan shi sosai. Ya juya sukurun dama, ruwan ya ƙara hauka. Ya dawo da shi hagu kaɗan, tsallen ya ragu. Ya ɗora tafin hannunsa na hagu a kan murfin inji, idonsa a kan kofin, yana juyawa kamar mai ba jariri magani. Ruwan ya yi ta kwanciya har ya koma 'yan zobba sirara suna shiga juna.

Lukmanu yana tsaye a bayansa, ido a rufe, yana saurare. Can ya yi ihu, "Nan! Tsaya nan!"

Manniru bai ji shi ba. Ya riga ya zare sukundirebarsa yana gogewa.

Ana cikin haka Oga Leonard ya iso a motar wani, da takardar neman sabuwar kafireta a hannunsa. Ya zagaya Gwaggo, ya kara hannu a bakin salansa, ya shinshina. Ya ce, "Wanene ya gyara shi?" Na nuna masa. Ya ce, "Ba shi ne kun ce kunnensa ta lalace ba?" Na ce shi ne. Ya ninke takardar ya sa a aljihu ya ce, "Tsayawa a gareji ba gwaji ba ne. Mu je dutse."

Muka nufi tsaunin da ke bayan Kurudu, inda aikinmu ya tsaya. Lokacin Kurudu gonaki ne da 'yan bukkoki, hanya kuwa ruwan ƙarshen damina ya mai da ita kunu. Manniru ya zauna a tsakiya, hannunsa a kan sandar giya duk tafiyar, yana jin motar ta nan. Na sa giyar taimako, Gwaggo ta kama taɓo ta haye, ba tari ba haki, har ƙololuwa. Da na tsaya na bar ta a silo, ta ci gaba da numfashinta a natse.

Muka fito. Oga Leonard ya kama hannun Manniru yana ta girgizawa yana magana da Turanci, Manniru yana murmushi bai tsinci ko ɗaya ba. Sannan Manniru ya juya ya daɗe yana kallon gonakin da ke ƙasa. Ya ce, "Wurin nan zai yi daɗin zama." Sai ya dube ni ya ce, "Kai ni gida in kwance wa Talatu tukwanenta, kafin ta gaya wa duk Garki cewa Bazazzage ne ya hana ni tafiya."

Ran Juma'a mun je Dei-Dei, amma doya muka kai wa direban motar shanun ya sauke wa yayan Manniru a Rano, tare da saƙon cewa ya nemi wani mai awon.

A watan Disamba gwamnati ta taso, motoci suka cika gari. Cikin shekara biyu ɗaya kunnen ma ya tafi gaba ɗaya, bai ko fasa fita aiki ba. Ya sayi butarsa da risho don ya huta da roƙon mai shayi, sunansa ya koma Mai Buta. Da aka tattara makanikai a Apo, rumfa ɗaya suka kama da Lukmanu, kuma har yau Lukmanu bai ƙara kai fulot kunne ba. Manniru ya sayi fili a Kurudu, a ƙasan tsaunin nan, ya gina ɗaki uku. Ni ma da na yi ritaya na bi shi, katanga ce kawai a tsakaninmu. Da sababbin motoci marasa kafireta suka yi yawa na zaci zai damu. Ya ce ai tsofaffi ma suna son mai kula da su. Manoma suka yi ta kawo masa tsofaffin jif da injinan ban ruwa, bai taɓa wuni a banza ba. Gwaggo da aka yi gwanjonta wani manomi ya saye ta, kuma wajen Manniru ya ci gaba da kawo ta har ta daina tashi.

Manniru ya ƙara 'ya'ya biyu, Zaid da Nafeesa, bai taɓa jin muryarsu ba. Ranar saukar Nafeesa ya matso kusa da ita ya ɗora yatsu biyu a maƙogwaronta tana karatu, hawaye na bin gemunsa, yana murmushi. Ya ce mini daga baya, "Silonta daidai yake."

Tsokana kuwa ba mu daina ba. Yana karanta bakina sarai. Sai dai in ya ga na fara cin galaba a kansa, sai ya rufe ido ya ce, "Ban ji ba." Shekara talatin yana yi mini wannan zambar, ban taɓa samun maganinta ba.

Ran Juma'ar ƙarshe na zauna a bakin gadonsa bayan masallaci. Talatu ta samo masa gurasa daga wata Bakanuwa, ya ci loma biyu ya ce ta kusa. Na matso inda zai ga bakina na ce, "Bakano, ka tashi haka nan, Lukmanu yana can yana ɓata maka suna." Ya yi 'yar dariya, ya riƙe hannuna, ya rufe ido.

Allah ya haskaka kabarinka, Manniru, ya yafe maka kurakuranka, ya jiyar da kai abin da ya fi duk wanda ka rasa daɗi. Ya ba Talatu da yara haƙuri, mu kuma ya kyautata namu zuwan.